Makullin Yaya

A layin masu gyare-gyare, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo, akwai wani ɗan shago da ba ya cin mutum uku sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Nan Mai Tasha yake yankan makulli tun gashin kansa na baƙi. In ka yar da makullin ɗaki, ko kwaɗon akwatinka ya ƙi buɗuwa, wurinsa za a nuna maka. Zai karɓa ya jujjuya, ya ɗaga wa haske, sannan ya zaro magagari daga aljihun gaba, don shi da magagari yake yawo yadda wasu ke yawo da biro. Ba ya hira in yana aiki, ba ya kuma miƙa aikin da bai kwanta masa a rai ba. Kana iya tsayawa a kansa kana cewa ai ya buɗe, Malam, ba ni haka nan sauri nake. Zai ce maka buɗewa daban, buɗewa da daɗi daban, ya ci gaba da gugarsa har ka gaji ka nemi wurin zama.

Sunan nan na Mai Tasha ba daga shagon ya fito ba. Mutumin nan bai taɓa aiki a tashar jirgin ƙasa ba, ko tikiti bai taɓa yaga wa kowa ba. Daga ƙuryar gidansa sunan ya fito, daga ɗakin da ya kamata a ce na baƙi ne, amma babu baƙon da ya taɓa miƙe ƙafa a ciki. Wani faffaɗan katako ne a kan ƙafafu ya cinye ɗakin, sai 'yar hanyar da mutum zai bi a karkace. A kan katakon an shimfiɗa dogo na gwangwani, ya lanƙwasa nan, ya haye gada can, ya shige ƙarƙashin wani tudu da aka yi da tsohuwar jarida da gam. Ga tasha da 'yar rumfarta, ga sigina mai hannu, ga 'yan mutanen dalma tsaye suna jira, wani ba kai, wani ba hannu. A jikin bango kuwa kanta ce hawa-hawa, cike da kawunan jirage da taragai, kore da baƙi da shuɗi, wasu fentinsu na ƙyalli, wasu tsatsa ta fara ci musu gefe. Duk na gwangwani ne, duk kuma na murɗawa. Babu mai batir, babu mai wuta. A cewar Mai Tasha, jirgin da ake danna wa maɓalli ya tashi na ragwaye ne.

Kowane kan jirgi yana da 'yar huda a gefe. A cikin hudar akwai ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, shi yake kira turke. Bakin makulli zai kama turken, a murɗa, sifirin da ke ciki, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tura jirgin, ya ɗaure, a ɗora a kan dogo a saki birki, sai ka ji ƙarrr, jirgi ya ɗauki hanya da taragansa. Abin ke nan, babu wani sihiri. Amma ka ga fuskar dattijon nan sa'ad da jirgi ya fito daga ƙarƙashin tudu, sai ka rantse albishir aka yi masa.

Ba a kanti ya same su ba, don an daina yin irinsu tun da daɗewa. 'Yan gwangwan sun san shi, masu gwanjo sun san shi. In tsohon gida ya tashi aka zubar da tarkace, wani zai biyo ta shagon ya ce, Mai Tasha, ga wani ɗanka na tsinto. Yawanci a mace suke zuwa, ba ƙafa ɗaya, ba makulli, ciki cike da ƙasa. Zai tsabtace da tsumma busasshe, don ruwa ba ya kusantar gwangwaninsa. Zai ɗiga mai da tsinin allura, ya yanka wa jirgi makullin da ya dace da turkensa. Yana da dokoki, kuma bai yarda a karya ko ɗaya ba: ba a sake wa tsohon jirgi fenti, ba a murɗawa har ƙarshe, ba a ajiye jirgi da sifirin a ɗaure. 'Ya'yansa sun taso da dokokin nan a kunne har suka gundure su, suka girma suka watse, babu wanda ya gaji abin.

Matarsa, wadda yaran layi suka sa wa Gwaggo har shi ma ya ɗauka, ta daɗe da sallamawa. In mata sun tambaye ta takan ce, "Mazan mutane na sayen filaye, nawa tasha ya gina. Ranar rabon gado kowa ya zo da leda ya ɗauki taragonsa." Tana tsiya, amma ita ce ke toshe ƙasan ƙofar da tsumma in ruwan sama ya yi yawa.

Jirgi ɗaya ne a ɗakin nan ba a saukowa da shi. Yana can saman kanta, ja, ƙarami, bututun hayaƙinsa ya ɗan karkace. Shi ne na farko, kuma ba na Mai Tasha ba ne shi kaɗai.

Mahaifinsu ɗan dako ne. Wata rana ya kwashe wa wasu mutane kaya za su bar gari, aka bar masa wani kwali na tarkace, a ciki ya tarar da jan jirgin nan da makullinsa. 'Ya'ya biyu gare shi maza: babban, wanda ake ce wa Yaya, da kuma Auta, wato Mai Tasha kafin ya zama Mai Tasha. Kafin rana ta faɗi sun ba hammata iska sau ba adadi. Tsohon ya zuba musu ido har suka gaji, sannan ya karɓe abin. Ya miƙa wa ƙaramin jirgin, ya miƙa wa babban makullin.

"Kai Auta riƙe wannan. Kai kuma riƙe wannan. Duk wanda ya ga zai iya shi kaɗai, bismillah."

Yaya ya zura makullin a zare ya rataya a wuya. Daga ranar, in sun yi faɗa da safe, kafin yamma dole wani ya sauko, don jirgi ba makulli gwangwani ne kawai, makulli ba jirgi kuwa ko kwaɗo ba ya buɗewa. Tsohon bai yi makaranta ba, amma ya san 'ya'yansa.

Abin mamaki, girma bai raba su da wannan wasa ba. Yaya ya zama tela, ya yi aure a wancan ɓangaren gari. Auta ya koyi yankan makulli, ya fara tara jirage. Mahaifinsu ya rasu. Amma duk ranar hutu da yamma Yaya zai zo da 'yar kwalbar man keken ɗinki a aljihu, ya ajiye a kan katako ba tare da ya ce ga shi ba. Auta zai sauko da jan jirgi ya riƙe da hannu biyu. Yaya ya zaro zaren daga cikin riga, ya sunkuyo, don bai taɓa cire shi daga wuya ba, ya murɗa, ya gyara murya ya ce, "Fasinja a shiga!" Jirgi ya kewaya, su biyu magidanta masu gemu su bi shi da ido. Daga nan Gwaggo ta kawo shayi. Ba wata doguwar hira suke yi ba. Yaya mutum ne mai nauyin baki, shi ma Auta haka.

Sai ranar da baƙi suka zo. Ashe akwai wasu masu irin wannan cuta a garin, wani mai shagon tabarau da wani tsohon malamin makaranta, sun ji labarin ɗakin suka zo ganin ido. Suka yaba wannan, suka taɓa wancan, sai mai tabarau ya hango jan jirgin ya dafe ƙirji. Ya ce shekara da shekaru yana neman irinsa, ko a hoto bai ga mai lafiya haka ba. Yana tafiya kuwa?

"Yana tafiya mana," in ji Auta, kansa ya fara kumbura. "Yanzu mai makullin zai zo."

Mai makulli bai zo ba. Wani mai ɗinki ya tsare shi a shago. Aka sha shayi, aka ƙara, malamin makaranta ya fara duba agogo. Mai tabarau ya ce, cikin raha, mai yankan makulli guda a ce yana jiran makulli? Maganar nan ta soki Auta. Ya kwaso makullan sauran jiragen ya gwada ɗaya bayan ɗaya, duk bakinsu ya yi wa turken ƙanƙanta. Yanka sabo zai ci yammar gaba ɗaya. Amma magagari na aljihu, turke kuwa ɗan mitsitsi ne. Ya goga nan, ya goga can, kusurwa huɗu, ko gumi bai yi ba. Makullin wani koren jirgi ya shige zuruf. Jan jirgi ya kewaya, baƙi suka tafa.

Jirgin bai daɗe da tsayawa ba Yaya ya yi sallama, yana haki, da kwalbar mai a hannu. Ya ba da haƙurin latti, ya gaisa da baƙi. A nan ne Auta ya kamata ya buɗe baki, amma sai ya ɗauki jirgin ya riƙe da hannu biyu kamar kullum. Yaya ya zaro zare, ya sunkuyo, ya sa makulli, ya murɗa. Makullin ya juya a banza. Ya cire ya hura, ya sake sawa. Ya sake juyawa, sakwaf, bai kama komai ba. Mai tabarau ya yi 'yar dariya, ba da mugunta ba.

Da ma a nan abin ya tsaya. Amma kunya ta sa Auta ya nemi abin faɗa, ya kuwa samo mafi muni.

"Ai na sama masa wani, Yaya. Ka ga ba sai ka riƙa wahalar zuwa ba."

Yaya ya dube shi. Ya mayar da zaren cikin riga, ya gyara wuyan rigar. Ya ce, "To, madalla." Ya ajiye kwalbar mai a kan katako, ya yi wa baƙi sallama, ya fita.

Da faɗa suka yi, da an shiga tsakani an sasanta, don tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma wa zai sasanta mutanen da ba su yi faɗa ba? Suna gaisawa. In an yi haihuwa ko aure a gidan Auta, Yaya zai zo da sabon ɗinki, ya zauna kan benci a bakin ƙofa tare da sauran jama'a, a tashi ya tashi. In abu ya samu gidan Yaya, Auta zai je shi ma ya zauna kan benci. Ranar hutu ce kawai ta mutu. Auta ya ɗora jan jirgi a saman kanta, makullin koren nan kuwa bai sake kusantar da shi ba. Man keke ya koma saye a wani kanti can nesa, don kada a ce an gan shi.

Ya sha cewa a ransa gobe zai je. Amma ya je ya ce me? Yaya ka yi haƙuri na goge gwangwani? Magidanci da 'ya'ya? Wani lokacin kuma haushi ya taso masa: ai Yaya ne babba, shi ya kamata ya fi ƙarfin abin wasan yara. Haka gobe ta riƙa haihuwar gobe har gemunsu ya yi fari. Kantar bango ta yi ta ƙaruwa hawa bisa hawa, sunan Mai Tasha ya bi gari. Masu zuwa kallo suna cewa babu wanda ya kai dattijon nan jin daɗi, ga shi da duniyarsa a ɗaki. Gwaggo kaɗai ta san cewa in ya sallami jirage ya juya zai fita, ba ya ɗaga kai ya dubi saman kanta.

Wata safiya yana cikin gugar makullin wani mai shago, wayarsa ta yi ƙara. Matar Yaya ce. Yaya ya faɗi a kan keken ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, suna asibiti.

Ya je, ya tarar da ɗakin cike da dangi. Ya tsaya daga baya ya ce, "Sannu, Yaya. Allah ya sawwaƙe." Yaya ba ya magana, amma idonsa na nan ras. Idon ya ratsa mutane ya zo kan Auta, ya sauka kan hannuwansa, ya ga ledar lemo ce, ya koma kan silin. Hannunsa na hagu, mai sauran motsi, yana kan ƙirji, ya damƙe wani abu ta cikin riga.

Matar Yaya ta rako shi waje. A da abokiyar wasansa ce, ba ya shiga gidan ba ta tsokane shi ba, amma yau babu wasa a fuskarta.

"Auta, ka ga hannun nan? Ma'aikata sun yi sun yi su cire zaren su yi masa wanka, ya ƙi. Ni dai na faɗa maka. Likita ya ce in cutar ta sake bugunsa, sai dai haƙuri."

Bai koma shago ba. Ya wuce gida, ya taka kujera, ya sauko da jan jirgi. Ƙura ta yi masa riga. Ya leƙa hudar, ga turken nan siriri, da zanen magagarinsa a jiki kamar jiya aka yi.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa. "Alhamdulillahi. Bari in samo maka tsumma ka naɗe, ka kai masa yanzu."

"Ba yanzu ba. Sai na gyara."

"Gyaran me kuma?"

"Turken. Sabo zan yi masa, daidai yadda yake da."

"Malam, mutum na kwance rai a hannun Allah, kai kana zancen turke? Ɗauki abin nan ka je haka nan. Shi fa kai yake jira."

"In je masa da abin da na ɓata? Ya sa makulli a gaban iyalinsa ya sake juyawa a banza? Sau biyu, Gwaggo?"

Ta ƙyale shi. Ta san mijinta: mutumin da ba ya miƙa wa baƙo makulli mai gargada, ba zai miƙa wa ɗan'uwansa ba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Jirgin gwangwani ba ƙusa ke riƙe da shi ba, wasu 'yan kunnuwa ne ake lanƙwasawa, kuma tsohon kunne in ka miƙe shi ka mayar, ka sake miƙewa, ya karye ke nan. Ya bi su ɗaya-ɗaya da bakin wuƙa yana riƙe numfashi, duk da haka ɗaya ya ɓalle, sai da ya nemi dalma. Makullin Yaya ba ya hannunsa balle ya auna, amma can gindin tsohon turken akwai ɗan wurin da magagari bai kai ba, daga nan ya ɗauki awo. Idonsa ba kamar da ba, sai da hasken safe yake iya gani, a bakin ƙofar shago. Masu kawo aiki suka yi ta zuwa yana ce musu su dawo. Ya yi turke na farko, ya ga ya kauce da kamar silin gashi, ya jefar. Ya yi na biyu, bai kwanta masa ba. Tsohon turken kuwa ya kasa jefarwa, ya jefa shi aljihun gaba tare da magagari.

Kwanaki suna tafiya. Aka sallamo Yaya, ba don ya warke ba, don dai babu sauran abin da za a yi masa a can. Duk sa'ad da waya ta yi ƙara, sai Auta ya tsaya yana kallonta kafin ya ɗauka. Abinci ya daina shiga. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron kada a kira shi jana'iza jirgi na warwatse a kan tebur, amma hannunsa ya ƙi yin sauri. Gwaggo ta daina magana, sai dai ta ajiye kwano ta ɗauke kwano. Rannan ta kasa daurewa ta ce, "In ka gama sai ka kai masa maƙabarta." Ya san ba ƙarya ta yi ba, amma ya ci gaba da gugarsa.

Ranar da ya mayar da kunne na ƙarshe, da hantsi, ko rufe shago bai tsaya yi da kyau ba. Ya biya ya ɗauki Gwaggo suka tafi.

An kwantar da Yaya a ɗakin da yake ɗinki, kusa da taga. Keken na gefe an lulluɓe shi da zane. Ya rame ƙwarai. Matar Yaya ta tashi daga bakin gado ta ba shi wuri. Ya durƙusa, ya warware tsumma. Idon Yaya ya sauka kan jan jirgi ya tsaya cak.

"Yaya," in ji Auta, "na kawo. Ina makullin?"

Hannun hagu ya yi ta lalube har ya fito da zaren. Ya yi baƙi, an ƙulla shi a wurare da yawa. Da yake yana wuya, sai da Auta ya matso da jirgin har kan ƙirjin Yaya, goshinsa ya kusa taɓa gemunsa. Ya kama yatsun ya kai su bakin hudar.

Makullin ya ƙi shiga.

Ya gyara, ya sake turawa. Ya tsaya a bakin turke, ko kaɗan bai wuce ba. Zufa ta keto wa Auta. Shi da ya auna ya sake aunawa? Ya kama makullin ya juya wa hasken taga, sai ya ga abin da bai taɓa zato ba. An matse bakin. Ga sawun haƙoran filaya nan a jiki, kaca-kaca, aikin wanda bai san ƙarfe ba. Sawun ma ya tsufa, ya yi sulɓi saboda gugar fata.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Shi mana," in ji matar Yaya. "Tun a makon da abin ya faru. Da filayar keke ya zauna ya yi ta matsawa, yana cewa kaɗan ne ya rage ya kama, shi ya ji a hannunsa. Ya ce in ka kira shi ba zai ji kunya sau biyu ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Duk taron da aka yi a gidanka da shi yake zuwa a wuya. Ya zauna kan bencin nan yana jira ka ce, Yaya shigo ka ga jirgi. In mun dawo ba ya cin abinci."

Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohon turken, wanda ya goge a gaban baƙi. Ya kai shi bakin makullin. Ya shige, ya kama tsam, kamar tare aka yi su.

Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. Auta ya tsaya da abu biyu a hannu yana kallo. Da ya zo a ranar da Gwaggo ta ce, da makullin ya shiga. Da ya zo bara, ko shekarar da aka aurar da 'yarsa ta fari, ko ranar hutun da ta biyo bayan waccan, da ya shiga.

Mayar da tsohon turke ba zai yiwu ba, kunnuwan ba za su jure wata buɗewar ba. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗora jirgin a cinya, ya zaro magagari. Sabon turken nan da ya ƙare idonsa a kai, mai kusurwa kamar an zana, shi ya sa wa magagari. Ya goga, ya kai wa makullin da ke wuyan Yaya ya gwada, ya dawo ya ƙara gogawa. Yaya na kallonsa, ido ba ƙiftawa. Ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe da numfashin mara lafiya. A gwaji na ƙarshe makulli ya shige ya kama. Akwai 'yar gargada, wadda a shago ba zai taɓa bari ta wuce ba. Ya mayar da magagari aljihu.

"Murɗa, Yaya."

Yatsun suka damƙe makullin, suka yi rawa, jijiyar hannu ta tashi. Makulli bai motsa ba. Babu ƙarfin. Matar Yaya ta matso za ta taimaka, Auta ya girgiza mata kai.

"Riƙe kawai, Yaya. Riƙe da kyau, kar ka saki."

Ya tallafe wuyan hannun da gwiwarsa, ya kama jirgin da hannu biyu, ya fara juya shi kansa a kan makullin. Jirgin ya kifa, ya miƙe, ya sake kifawa. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Sifirin da ya shekara da shekaru a kwance ya fara ɗaurewa. Da ya ji ya kusa, ya tsaya, ya zare a hankali, ya ajiye jirgin a kan siminti, yatsansa a kan birki. Bai saki ba. Ya ɗaga kai yana jira.

Bakin Yaya ya motsa. Leɓen ya yi ta kokawa, wani sauti ya fito, ba kai ba gindi, sai can ƙarshensa aka ji wani abu kamar "shiga".

Auta ya saki birki. Babu dogo, don haka jan jirgi ya miƙe inda ya ga dama, ƙarrr, ya ratsa tsakar ɗaki, ya wuce ƙafar Gwaggo, ya shige ƙarƙashin keken ɗinki ya bugi ƙarfe ya faɗi a gefe, ƙafafunsa na ta juyawa a iska. Dattijon ya rarrafa da gwiwa ya cusa kai ƙarƙashin zanen don ya ɗauko. Ya daɗe a ciki fiye da yadda ɗauko jirgi ke bukata, kafaɗunsa na girgiza, matan kuwa suka yi kamar ba su gani ba.

Da ya fito ya juyo, hannun hagun Yaya na sama, yana rawa, zaren ya miƙe daga wuyansa iyakar tsawonsa. Ya riga ya miƙo makullin.

"Ga ni nan, Yaya," in ji Auta, ya ja gwiwa ya matso.